Daga Jangali Zuwa Diyya: Wa Ya Taɓa Biyan Makiyayi A Ƙasar Katsina?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Daren jiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta nan Ƙofar Durbi, sai wani ƙanenmu ya miƙo mani wayarshi ya ce, "Yaya, dubi yadda ake gwamnati." Labarin ma'aikatar gona ta Amurka ne, wadda a watan Mayun 2025 ta saki dala biliyan ɗaya ga masu kiwon da fari da gobarar daji suka cinye wa ciyawa a 2023 da 2024. Nan take majalisa ta rabu. Wasu na cewa ai su masu kuɗi ne, wasu na cewa mu ma kuɗin akwai, tsoron Allah ne ya yi ƙaranci. Wani dattijo kuma ya ce, "To in ma an kawo, wa za a ba? Waɗanda ke cikin daji da bindiga?"

Ni abin da ya tsaya mani a rai wani ɗan bayani ne can ƙasan labarin: ba a ce kowa ya cika sabon fom ba. Sunayen mutanen da yawan dabbobinsu da gundumar da suke kiwo duk suna cikin kundin ma'aikatar, tun daga wani shirin tallafin ciyawa da suka riga suka shiga. Lissafi kawai aka yi aka tura. Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati, na zauna a kwamitocin rabon kaya har na gaji, kuma na san a wurinmu kafin a yi rigima kan kuɗi, an riga an yi ta kan jerin sunaye. Wannan ya sa na ce bari in bi sawun abin tun daga baya.

Amma bari in fara faɗin inda nake da hannu a ciki, kada wani ya tono daga baya. Kamar ma'aikata da yawa a garin nan, ɗan abin da na tara a farkon aikina shanu na saya. Guda uku ne, na ba wani dattijon Bafulatani, aminin mahaifina, kiwo a yammacin jihar nan. A ranin 2015 aka zo da dare aka kore garken gaba ɗaya, sittin da 'yan kai, har da nawa. Na raka shi ofishin da ya kamata a kai ƙara. Ma'aikacin da muka samu ya tambaye shi shaidar cewa shanun nashi ne. Baffa ya fara jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu, da wadda ta haifi wadda. Ma'aikacin ya ajiye biro ya ce shi takarda yake nufi. Ni na yi asarar shanu uku, ƙarshen wata albashina ya shigo. Shi kuwa abin da ya gada daga kakanshi ne ya tafi cikin dare ɗaya, kuma a idon hukuma ba a taɓa yin shanun ba balle a sace su.

Mu koma can baya. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jirgin ruwa ta Massawa, a Eritiriya ta yanzu, cikinsu akwai masu ɗauke da bushiya. Cutar ta bi mashaya da hanyoyin fatake ta ratsa Habasha da Sudan, zuwa 1890 da 1891 ta iso ƙasashenmu. Masana tarihi na ƙiyasta cewa a wurare da dama cikin shanu goma, takwas ko tara sun mutu. Wani hafsan Faransa mai suna Monteil, da ya biyo ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa a daidai lokacin, ya rubuta irin ɓarnar da ya tarar. An sa wa annobar suna Sannu, wai don ba abin da ya rage mutum ya ce wa ɗan'uwanshi sai sannu. Har an ruwaito labarin makiyayan da suka zauce, suka shiga daji suna kiran shanun da babu su.

Babu likitan dabbobi a lokacin, babu allura, babu asusun agaji. Abin da ya sake tayar da garkuna shi ne abin da makiyaya ke da shi tsakaninsu, wato haɓɓanaye. Wanda ke da saura zai ɗaure wa wanda ya rasa karsana, ta zauna wurinshi ta haihu, a wasu wuraren har sau uku, ya riƙe 'ya'yan ya maido uwar. Ku riƙe wannan kalma, za mu sake haɗuwa da ita.

Ita kuwa hukuma, ta daɗe da sanin saniya, amma ta ƙofar karɓa. Jangali ya girmi Turawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ambace shi a Kitabul Farƙi cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su, duk da haka bai mutu ba. Da Turawa suka shigo Katsina a 1903 suka tarar da shi, sai suka gyara mashi zama. Abin da yawancinmu ba mu sani ba, a nan Katsina aka fara gwada tsarin baitulmalin En'e wajajen 1910, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Baturen nan Palmer, kafin a yaɗa shi zuwa sauran masarautu. Kuɗin jangali, sule da sisi kan kowace saniya, daga baya sule biyu, yana cikin manyan abubuwan da ke cika wannan baitulmali. Da damina ake karɓa, lokacin da garke ke zaune wuri ɗaya. Hakimi ya fita da malaman jangali da dogarai, arɗo ya tara mutanenshi, a ƙirga, a biya, a yanka rasit.

Kada wani ya ɗauka yabon jangali nake. An yi zalunci a cikinshi ba kaɗan ba: a ƙara wa mutum adadi, a karɓi na goro a gefe, a ɗaure wanda ya kasa. Makiyaya su ma sun ƙware wajen raba garke biyu su ɓoye rabi a daji, ko su tsallaka ƙasar Faransa har lokacin karɓa ya wuce. Lissafin bai taɓa zama daidai ba. Amma akwai littafi. A ofishin hakimi an san arɗo wane yana da gidaje kaza, mai garke wane ya biya na shanu kaza bara, kaza bana.

Kuma saboda wannan littafi ne hukuma ta fara damuwa da lafiyar saniya, tunda matacciya ba ta biyan jangali, ga kuma cinikin fata da ƙirgi da ake fitarwa waje. Sashen kula da dabbobi ya fara a Zariya, a 1924 aka kafa ɗakin bincike na Vom kusa da Jos don haɗa maganin bushiya. En'e-En'e suka riƙa buɗe sansanonin allura da kuɗin baitulmali. Allurar farko mai wahala ce, ana tsare shanu kwanaki, wasu ma su mutu a sansanin, don haka Fulani suka fara da gudu. Da suka ga garken da aka yi wa na tsira ranar annoba, da kansu suka riƙa kawowa. Bayan samun 'yanci, a wani taro da aka yi a Kano a 1961 aka tsara babban gangamin da ake kira JP15, aka fara a 1962 tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, ana yi wa saniya allura a huda mata kunne don shaida. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Mu a nan muna da Ruma-Kukar-Jangarai, wajen Runka, inda aka yi madatsun ruwa da tsarin kiwo bi da bi da taimakon hukumar USAID ta Amurka. Yankin da yau in an ambace shi sai gaban mutum ya faɗi, a da shi ake kai baƙi su ga kiwon zamani.

Duk wannan taimako ne, amma na allura da dam. Gwajin farko na agajin gaggawa na gaske ya zo da farin 1972 zuwa 1974. Ƙasar nan ta san yunwa kafin nan, dattawa na lissafa Ƙaƙalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942, sai dai wannan karon akwai gwamnati ta 'yan ƙasa, kuma kuɗin mai ya fara shigowa. Katsina na cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, hedikwata Kaduna, gwamna Abba Kyari, Janar Gowon na Legas. Sai da jaridar New Nigerian ta yi ta buga hotuna da rahotanni, ta buɗe asusun neman gudunmawa a ƙarshen 1973, sannan mutanen birni suka gane girman abin. Gwamnatin tarayya ta ba jihohi kuɗi, aka sayi hatsi, aka haƙa rijiyoyi.

Ga inda matsalar makiyayi take a irin wannan shekara. In fari ya zo, kuɗin hatsi na hawa, kuɗin saniya na faɗuwa, a lokaci guda. Kowa na son sayarwa, dabba ta rame, mahauci ya san ba ka da zaɓi. San da a da zai sayo buhuna da yawa sai ya koma da ƙyar ya sayo ɗaya ko biyu. Shi kuma hatsin agaji ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa yake bi, zuwa ga mutanen da ke zaune a gari. Wanda ya kora ragowar shanunshi kudu neman ciyawa ba ya nan ranar rabo. Ga kuma Buzaye da Fulanin Nijar da suka kwararo ta Jibiya da Ɗankama da Daura, su ba ma sa cikin lissafin kowa. Wani Bature mai suna Michael Watts ya zauna a Kaita bayan farin, ya rubuta littafi sukutum, Silent Violence, kan yunwa a ƙasar Hausa. Ɗalibanmu na jami'a su neme shi, labarin ƙofar gidansu ne.

Can tsallaken iyaka abin ya fi muni, Nijar ta yi asarar kusan rabin shanunta. Zargin wawure kayan agaji na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974. Amma bayan nan sun yi wani abu: shirin sake tayar da garke, inda hukuma ke ba makiyayin da ya rasa komai 'yan dabbobi bashi ya sake kafuwa. Bai isa kowa ba, an yi ƙorafi a kanshi, sai dai aƙalla an gane cewa wanda saniya ce gonarshi, in ka ba shi tiyar gero ka ciyar da shi mako ɗaya ne kawai. Mu abin da muka samu daga farin shi ne hukumar agajin gaggawa ta ƙasa da aka kafa a 1976, wadda NEMA ta gaje ta a 1999. Har gobe kuma in ka ga motar agaji, shinkafa ce da tabarma da bargo da kwanon rufi. An tsara ta ne don wanda gidanshi ya rushe.

A 1976 gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e. A 1979 gwamnatocin PRP, Balarabe Musa a Kaduna, wadda muke cikinta a lokacin, da Abubakar Rimi a Kano, suka shelanta soke haraji da jangali. Mahaifina, Allah ya jiƙanshi, ɗan a-mutun PRP ne, har ya rasu yana kiran wannan rana ranar 'yancin talaka, kuma ban ga laifinshi ba, ya ga yadda ake shanya mutane a rana kan haraji. Sai dai akwai abin da ba wanda ya lura da shi cikin murna. Da aka daina karɓa, aka daina ƙirgawa. Ba wanda ya ce a ci gaba da riƙe littafin don wata manufa. Dalilin da ke kai ma'aikacin hukuma ruga sau ɗaya a shekara ya kau, ba a maye gurbinshi da komai ba. Burtali da mashaya, waɗanda a da hakimi ke da dalilin karewa tunda masu bin su na biya, suka zama filin da kowa ke iya yanka.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. Yarjejeniyar JP15 ita ce in an gama gangami kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara. Aka yi sakaci. A 1983 bushiya ta sake shigowa da ƙarfi ta gabas, ta Borno, ta bazu. Masana sun ƙiyasta shanun da suka mutu da kimanin rabin miliyan, asarar kuma an ƙiyasta ta kai dala biliyan 2. Ina ƙarami sosai lokacin, amma dattawan da na tambaya bakinsu ɗaya: an zo da allura bayan ta riga ta yi ɓarna, wanda nashi suka mutu kuwa sannu aka ce mashi, kamar kakanshi shekara casa'in baya. Fari ya biyo a 1984, aka kuma rufe iyaka, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ita bushiya dai an ga bayanta, a 2011 aka shelanta kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Da aka tashi sanin yawan dabbobin ƙasar nan a 1990, jirgin sama aka ɗauko ya riƙa shawagi ana ƙirgawa daga sama, aka ce shanu miliyan 13.9. Jirgi na iya ganin saniya, amma ba ya ganin mai ita.

Yanzu ga wurin da na fi so mu tsaya. A iya zamana na aiki, lokacin da na ga gwamnati ta ƙirga dabba ta biya mai ita kuɗi a hannu shi ne 2006, kuma kaji ne. Ranar 8 ga Fabrairun shekarar aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a Afirka. Ta shiga Kano da Filato da nan Katsina da wasu jihohi. Gwamnatin Obasanjo ta sanar da diyya: naira 250 kan kaza, 1,000 kan agwagwa, 2,500 kan talotalo, 20,000 kan jimina. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 50 don yaƙi da cutar.

Me ya sa aka biya? Saboda cutar na kama mutum, duniya ta tsorata, kuma hanya ɗaya ta tsayar da ita ita ce mai gona ya kai rahoton kanshi a zo a kashe kajinshi. Ba wanda zai yi haka kyauta. Dabarar tsohuwa ce, Ingila ta yi doka irin wannan tun 1866 lokacin da bushiya ta shiga shanunta: a yanka, a biya. To amma dubi yadda muka yi namu. Naira 250 ta yi ƙasa sosai da kuɗin kaza mai ƙwai a kasuwa. Sannan waɗanda ma'aikata suka kashe da hannunsu ake biya, waɗanda suka mutu kafin a iso ba su cikin lissafi. Mai gona ya yi lissafi, ya ga in ya kira hukuma zai jira kwanaki kajin na zubewa, ga kuɗin kaɗan, ga jiran biya. Da yawa sai suka lallaɓa da dare suka kai kasuwa, cutar ta bi motocin. Sai daga baya aka ɗaga farashin ya kusanci na kasuwa, rahoto ya ƙaru. Kuma su wa suka fi amfana? Masu manyan gonaki, waɗanda ke da adireshi da ƙungiya da littafin shigar kaji da lambar wayar likitan dabbobi. Tsohuwar da kajinta goma suka mutu a bayan ɗaki ba ta ma ji labarin ba.

Daga nan sai muka shiga zamanin da annobar ta zama mutum da bindiga. Ba sai na ba Bakatsine labarin Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume ba. A nan nake son in amsa tambayar dattijon majalisarmu, don tambaya ce ta gaskiya, kuma mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa suna da haƙƙin yin ta. Eh, da yawa cikin masu riƙe da bindigar nan daga ruga suka fito, ɓoye wannan ba ya taimakon kowa. Amma wanda aka fara kora wa shanu shi ma daga ruga yake, irin su Baffa. Sannan mai dabba a jihar nan ba ƙabila ba ce. Manomin da aka kwance wa shanun huɗa guda biyu ya rasa garmarshi da amalankenshi da jarin auren 'yarshi. Matar da aka kwashe wa awaki biyar asusunta aka fasa. In muka ce ba za a yi tsarin diyya ba don kada ɓarawo ya amfana, waɗannan muka hukunta. Kuma saurayin da ya tashi ya tarar garken ubanshi ya tafi, ba makaranta, ba gona, ba wanda ya ko rubuta sunanshi, kowa ya san waye ke jiranshi da tayi a bakin daji. Ban ce uzuri ba ne, amma wanda ke son rufe ƙofa dole ya san inda take.

Gwamnati ta yi abubuwa, kada a ce na ɓoye. An ƙwato dabbobi an maida wa waɗanda suka iya gane nasu. An yi sulhu a 2017, an sake a 2019, duk suka warware. A tarayya an fito da shirin RUGA aka dakatar da shi cikin Yulin 2019 bayan ƙasa ta ɗauki zafi. A Yulin 2021 Shugaba Buhari ya amince da naira biliyan 6.25 don wuraren kiwo na zamani a jihar Katsina. A ƙarshen Agustan shekarar Gwamna Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Mai'aduwa da Caranci da Jibiya, aka kuma hana motocin shanu fita. An yi ne don a toshe wa ɓarayi kasuwa, kuma na fahimci dalilin. Amma dillali da mahauci da ɗan kamasho da mai sayar da igiya da talakan da ke son sayar da tunkiya ya kai matarshi asibiti, duk sun biya kuɗin wannan doka daga aljihunsu. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 na shirin L-PRES, a 2024 Shugaba Tinubu ya kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya. Kuɗi na gini da kwangila da taron bita ba su taɓa wuyar fitowa ba, mu da ke cikin ofis mun san dalili. Wanda ke wuyar fitowa shi ne wanda zai tafi kai tsaye hannun mai asara, don ba kason kowa a ciki.

Ba sai mun je Amurka ba ma, ko da yake su tun farin 1934 gwamnatinsu ta sayi shanu sama da miliyan 8 daga hannun masu kiwo, ta yanka masu ɗan ƙarfi ta raba wa matalauta naman gwangwani. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin haka a farin 2010: a sayi dabbar da ta rame kafin ta faɗi, a yanka a raba naman, a kuma sayar da dusa da rahusa. Su sun yi ƙidayar noma da dabbobi tsakanin 2005 da 2007. Kenya kuma daga 2015 gwamnati ta riƙa biya wa makiyaya kuɗin inshora a yankunan Turkana da Wajir, tauraron ɗan'adam na duba ciyawa, in ta ragu zuwa wani mataki sai kuɗi ya shigo tun dabba na tsaye, a sayi abinci da ruwa. Mu ma muna da hukumar inshorar noma, NAIC, tun 1987. Ka shiga kara ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin sunanta. Ko da yake shi tauraron Kenya fari yake gani, ba ya ganin ɓarawo, don haka namu sai mun ƙera shi da kanmu.

Na san abin da abokan aikina za su ce, don ni ma na faɗa a wani zama. Ƙasar da ke da ma'aikatan bogi, ranar da aka ce za a biya diyyar saniya, shanun bogi za su fi na gaske yawa. Na taɓa zama a wani kwamitin rabo inda jerin sunayen da aka kawo daga ƙauye ɗaya ya fi mutanen ƙauyen yawa, aka ce mu sa hannu lokaci na ƙurewa. Wannan kuwa na faruwa ne saboda bayan masifa ake rubuta jerin, lokacin da kowa ya san akwai abin karɓa. Littafin da aka rubuta tun ana zaune lafiya, aka sabunta duk shekara, ya fi wuyar cusa wa ƙarya. Hanya mafi sauƙi da nake gani ita ce a ɗaura shi kan allurar shekara-shekara: malamin dabbobi ya yi allura, a sa alama a kunne, arɗo ko mai unguwa ya shaida, mai dabba ya karɓi kati. Matsalar ita ce makiyayi bai manta ba, a tarihinshi duk wanda ya zo ƙirga shanu karɓa ya zo yi. Da aka fara maganar dawo da jangali a jihar nan a 2021, tsoron ya ƙara tabbata. Sai an yi shekaru katin na kawo dusa da rahusa a bazara da magani a damina kafin ya yarda ya faɗi adadi na gaskiya.

Baffa yana nan da ranshi, ya dawo gefen gari wurin ɗanshi, wanda ke gadi a wani gida. Wani ɗan'uwanshi daga wajen Maraɗi ya ɗaure mashi karsana biyu haɓɓanaye, ɗaya ta haihu bara. Da na je gaishe shi da sallah na ba shi labarin sabuwar ma'aikatar kiwo, ya saurara har na gama. Sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata, ya zaro wasu takardu da suka yi ja, rasit ɗin jangalin mahaifinshi ne guda huɗu, da sunan arɗonsu da adadin shanu. Ya ce, "Ɗana, duba mani, ko wannan za ta yi a matsayin takardar da suka ce?"